Kada Zomanyar Inna Ta Yi Mushe

Har yau idan na bi ta layin masu maganin dabbobi a Sabon Gari sai in ji raina ya ɓaci. Ba wanda ya zage ni a cikinsu, amma haka nake tsuke fuska in wuce kamar jiya muka yi faɗa. Dalilin kuwa wata zomanya ce fara, mai baƙin ɗigo a kunnen hagu, wadda mahaifiyata ta rasu ta bari.

Gidanmu a Fagge yake. Kakanmu ne ya taso daga gabas ya kafa shi, a nan aka haifi Baba, a nan ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Ni ce autarsa. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, gidan aurena kuma yana layin bayan namu, saboda haka kullum sai na leƙa. Inna turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, kuma wata mai sayen turarenta ce 'yar Sabon Gari ta kawo mata zomanyar tun tana ƙarama, a cikin kwalin takalmi. Lokacin Baba har tsiya yake yi mata, wai mutane suna kiwon tumaki, ita ta ɓige da kiwon abin da ko miyar mutum biyu ba zai yi ba.

Da Inna ta rasu sai Baba ya zauna. Ba ciwo ne ya kwantar da shi ba, zama kawai ya yi. Daga ɗaki sai masallacin ƙofar gida, daga masallaci sai ɗaki. Abinci sai an yi da gaske, rediyonsa ma ya daina kunnawa. Mutumin da a da in ya fara labarin tashoshin jirgi sai ka nemi hanyar gudu, ya koma sai ka yi masa magana ka maimaita kafin ya ɗago kai. Mun kai shi asibiti, aka duba aka ce ba a ga komai ba.

Zomanyar ce ta fitar da shi. Wata safiya matar yayana, wadda ke kula da gidan, ta manta ba ta zuba mata komai ba. Ta yi ta kartar wayar keji har Baba ya gaji da ji, ya fito ya tsaya a kanta.

"Ba wanda ya ba mutuniyar nan abinci?" in ji shi.

Bai jira amsa ba. Ya ɗauki wani tsohon buhun shinkafa, ya zura takalmi, ya fita. Da ƙafa ya taka har wurin masu kayan gwari a bakin kasuwar Sabon Gari, ya dawo da ganyen karas da ɓawon kabeji. Daga ranar abin ya zame masa aiki. Kullum da hantsi zai sauko da buhun daga ƙusar da ke zaure ya kama hanya. Masu gwari suka san shi, har ajiye masa ganye suke yi. Ya koma dawowa da labari: wane ɗan adaidaita ne ya goge wani, wace mata ce ta zubar wa mai tumatir kwando. Tafiyar tana sa shi yunwa, sai ya ci abinci. Ni kuwa duk sanda na shigo zaure na ga ƙusar nan babu buhu, sai hankalina ya kwanta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma na san muddin zomanyar nan tana raye, Baba zai ci gaba da fita.

Ana cikin haka damina ta yi ƙarfi. Wanda ya san layinmu ya san yadda kwata take cika ta tsaya, sauro kuma ya mayar da mu abincinsa tun kafin magariba. Wata rana na biyo daga makaranta, ko jaka ban ajiye ba Baba ya kira ni.

"Auta, zo ki ga idon mutuniyar."

Fatar idanunta ta kumbura ta yi ja, kwantsa ta manne gashin wurin. Ta takure a lungun keji, ganyen da ya kawo mata da safe yana nan ya yi yaushi. Na ce wataƙila wani abu ne ya faɗa mata, na wanke mata da ruwan ɗumi. Kafin a jima kumburin ya sauko hanci, gindin kunnuwa ya yi nauyi har suka kwanta.

A nan Malam ya shigo maganar. Malam maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya muka haɗa. Shi ke yanka wa matan layinmu kaji, da layya kuwa gida-gida ake kiransa. Mutumin kirki ne, wannan ba ja. Amma ya tashi ne a kan abin da kowa ya tashi a kai a wurinmu: dabba in ta yi ciwo, ana hanzarta sa mata wuƙa tun kafin ta mutu da kanta ta zama mushe. Maigidan da ya zuba ido har akuyarsa ta mace a turke, sakaci ya yi, kuma sai an yi da shi a majalisa. Malam ya leƙa kejin, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan ai ta kama hanya. A yanka ta tun da sauran nama a jikinta, kada ta yi mushe."

"Magani za a nemo mata," in ji Baba.

Malam ya juyo ya kalle ni, kallon da ke cewa ke ce kika kitsa masa wannan bokon. Ni kuwa ban kitsa komai ba, amma na ji daɗin amsar.

Washegari na sa ta a kwali, na huda masa ƙofofin iska, na hau adaidaita zuwa Sabon Gari. Shagon farko da na shiga cike yake da buhunan abincin kaji da kwalaben magani har rufi. Mai shagon ya tarbe ni da fara'a.

"Hajiya, me aka kawo mana, kaza ce?"

Na buɗe kwalin. Ya leƙa, ya kwashe da dariya, har da kiran na kusa da shi ya zo ya ga matar da ta kawo zomo asibiti. Da ya gama dariyarsa ya miƙo mini kafso ja da yalo, ya ce in fasa mata a ruwa, da shi ake ba kaji. Na ce masa wannan ba kaza ba ce. Ya ce ai duk dabba ce. Mai shago na biyu ya ce ƙazuwa ce, in samo baƙin mai wurin makanikai in shafa mata. A ido fa. Na uku ya fi su ƙarfin hali, don har ya zuƙo maganin awaki a sirinji, yana ɗaga ta da hannu ɗaya yana kintatar nauyinta, wai za ta kai rabin ɗan akuya. Na karɓe kayana na rufe kwali na fito. Na cika na yi fam, ga rana, ga laka har idon sawu, ga ɗan adaidaita yana tambayata ko ta sayarwa ce.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙwai a bakin layin ce ta ga ina ta kai-kawo, ta kwatanta mini wata likitar dabbobi a saman wani bene, can ciki. Da na koma gida na faɗa, Baba ya ce wannan karon da shi za a je. Ya sa babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya ɗora kwalin a cinya, bai yarda na riƙe ba. A ɗakin jira muka tarar da wani mutum da ƙaton karensa. Baba ya tattare rigarsa ya koma ƙarshen benci, ya rungume kwalin.

Likitar 'yar kudu ce amma haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa daɗin ji. Ita ce mutum ta farko da ta buɗe kwalin nan ba ta yi dariya ba. Ta sa safar hannu, ta duba idanun, ta taɓa kunnuwan, ta ɗaga wutsiya ta duba, ta saurari numfashin. Sannan ta ja kujera ta zauna kusa da Baba.

"Baba, alamun nan sun yi kama da wani ciwon zomaye da ake kira miksomatosis. Sai an kai gwaji za a tabbatar, amma ba zan ɓoye maka ba, shi nake zargi. Sauro da ƙuma ne ke ɗauko shi daga wani zomo su kai wa wani. Babu maganin da ke kashe shi, kuma zomon gida ba kasafai yake tashi ba."

"Allura fa?" in ji Baba. "A yi mata allura."

A wurin Baba da tsararrakinsa, allura ita ce ƙarshen magani. Duk ciwon da aka ba ka ƙwaya, ba a ɗauke ka da muhimmanci ba ne.

"Akwai allura, Baba, amma ta riga-kafi ce. Tun dabba tana lafiya ake yi mata, a riƙa maimaitawa. In ciwon ya riga ya shiga ba ta da amfani. Kuma ni dai ban taɓa samunta a nan ba."

Na ce mata yaya za a yi a ce akwai abu a duniya, amma duk faɗin Sabon Gari, inda ake cewa ba abin da za ka nema ka rasa, babu shi? Ta tashi ta buɗe mini firjinta. Ga ta kaji, ga ta karnuka, ga ta awaki da tumaki, kowace a jere.

"Malama, daga waje ake kawo ta, kuma dole ta zauna cikin sanyi tun daga can har nan. Ɗan kasuwa ba zai kawo abin da ba a tambaya ba. Mai zomo kuwa in ya ga ciwo yankawa yake yi, ba ya zuwa wurina. Ku ne na farko da na gani an daɗe."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Wato ana yankawa don babu allura, kuma babu allura don ana yankawa. Na rasa wanda zan kama da laifi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ta ce in Baba ya yarda, akwai allurar da za ta yi mata ta yi barci ba ta farka ba, don ta huta. Baba ya ce a'a, a bar ta, mai rai ba a fitar masa da tsammani. Ba ta ja da shi ba. Ta ba mu maganin rage zafi da na wanke ido, da sirinji marar tsinke na ɗura abinci. Ta ce a rufe kejin da gidan sauro, a ajiye ta wuri mai ɗumi. Na tambaye ta ko yana kama mutane, ta ce a'a, na zomaye ne kawai.

Muna komawa gida Baba ya kwance gidan sauronsa ya lulluɓe kejin da shi. Na yi ta faɗa, na ce zazzaɓi zai kwasar mana, ya yi biris da ni. Dole na je na sayo masa wani na ɗaura da kaina. Bai fasa zuwa kasuwa ba. Zai kawo ganyen, ya daka a ƙaramin turmin Inna, ya tace da rariya, ya ɗora zomanyar a cinya yana ɗiga mata a gefen baki. Rabi ya shiga, rabi ya ɓata masa riga. Idanunta sun rufe ruf, ba ta ganinsa, amma in ya yi magana takan ɗan juyo da kai.

Malam kuwa bai gaji ba. Kullum bayan la'asar zai yi sallama ya shigo dubiya, wuƙarsa naɗe a tsohuwar jarida tana leƙowa daga aljihu. Wai ko za a buƙata. Wata rana bakina ya suɓuce na ce likita ta ce ciwon ba ya kama mutum, ina nufin kada matar yayana ta riƙa gudun kejin. Malam ya gyara zama.

"To kin ji. Likitar ma ta ce naman lafiya lau. Me ake jira?"

"Malam, don Allah ka bar mu mu ji da abu ɗaya," na ce. "Kullum wuƙa, kullum wuƙa. In nama kake so, sai in sayo maka a kasuwa."

Baba ya ɗago kai ya dube ni.

"Auta, ba a yi wa babba haka."

Na ba da haƙuri da baki, amma zuciyata tafasa take yi. Malam bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. A hankali ya ce mini, "Malama, ni ko an ba ni ba zan ci ba, ina haƙoran suke? Amma dubi yadda take jan numfashi. Wahala take sha. Kuma in ta mutu da kanta kin san sai bola."

Ni ba zomanyar nake kallo ba, Baba nake kallo. Ina lissafin in ta ƙara kwana ɗaya, Baba ya ƙara fita sau ɗaya.

Ran wata Asabar da hantsi na shigo na ga buhun yana rataye a ƙusa. Na tarar da Baba a tsakar gida a kan tabarma, zomanyar a cinyarsa. Fuskarta ta kumbura har ba a gane ta, tana buɗe baki tana neman iska, ana jin kakarin tun daga zaure. Sirinjin yana gefe, bai ko taɓa shi ba.

"Leƙa ki kira mini Malam," in ji shi.

"Baba, mu koma wurin likitar. Ko ta canza magani."

"Ta gaji, Auta. Kira shi."

Malam ya zo, ko irin kallon nan na ai na faɗa bai yi mini ba. Ya wasa wuƙar a bayan gida inda ba a gani, ya dawo ya fuskanci alƙibla. Baba ne ya riƙe mata ƙafafu da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana shafa kunnen nan mai ɗigo. Malam ya yi bisimilla. Gaskiya hannunsa yana da sauri, ban taɓa gode wa saurin hannun mutum kamar ranar ba. Kakarin ya tsaya.

Malam ya ce wa matar yayana ta kawo faranti da ruwa a yi fiɗa.

"A'a," in ji Baba. "Fatanya za a kawo."

"Fatanya kuma, Alhaji?"

"Binne ta zan yi."

Malam ya tsaya da wuƙa a hannu, ya kalli Baba, ya kalle ni. Duk tsawon zamansa a layin nan bai taɓa jin an yanka dabba an binne ba. Ana yankawa ne don a ci, ko a bayar a ci.

"To me ya sa aka yanka?"

"Don ta huta."

"Halal ce fa, Alhaji. Ko sadaka a bayar."

"Na san halal ce. Ta Inna ce."

Haka yake kiran mahaifiyata, yadda mu 'ya'yan muke kiranta. Ya miƙe da ƙyar, ya nufi gindin katanga inda take shanya itacen turarenta, ya fara sara. Ƙasar ta jiƙu amma bayansa ba shi da ƙwari. Malam ya goge wuƙarsa, ya naɗe ta, ya je ya karɓe fatanyar daga hannunsa. Shi ya haƙa ramin, mai zurfi kamar yadda likita ta ce, yana haƙa yana gunaguni a kan ɓarnar nama.

Washegari buhun yana ƙusa. Jibi ma haka. Baba ya koma tsakanin ɗaki da masallaci, abincin rana yana komawa kicin yadda aka kawo shi. Wani mai gwari har gida ya biyo yana tambaya ko lafiya aka daina ganin Alhaji, Baba ya ce a ce masa ya gode.

Na ce ba zan zauna ba. In aka sami allurar, sai in sayo wani zomon a yi masa tun yana ƙarami, Baba ya san wannan karon an rufe ƙofa. Na sake bin layin nan shago-shago. Wani ya ce allurar me? Wani ya ce in dawo wani makon, na dawo ya manta ma ya taɓa ganina. Wani ya ɗauko mini ta kaji ya ce duk riga-kafi ne. Na buga waya garuruwa, kowa ya tura ni wurin wani. Na koma wurin likitar na ce muna da ɗan'uwa da ke zuwa ƙasar waje, ko a sa shi ya taho da ita. Ta ce ba turare ba ne da za a jefa a jaka, sai da sanyi kuma sai da izini. Na fito daga benen nan ina tsaki ni kaɗai, mutane suna kallona.

Da na gaji, na wanke kejin da maganin da ta ba ni, na shanya shi, na bari damina ta ɗauke. Sannan na sayo wani ɗan zomo ruwan toka, mai ƙiba, ido tar. Na kai wa Baba da hantsi, daidai lokacin da ya saba fita. Ya karɓa ya ɗora a cinya. Ɗan zomon ya shiga shinshinar hannun rigarsa, ya kama bakin yana ja. Na ga Baba ya yi murmushi, na ga idonsa ya tafi wajen zaure, inda ƙusar take.

"An samo allurar?" ya tambaye ni.

Wallahi na so in yi masa ƙarya. Da na ce e, ba yadda zai yi ya gane.

"Ba a samu ba, Baba. Amma ga gidan sauro, kuma damina ta wuce."

"Za ta dawo," in ji shi.

Ya ƙara shafa ɗan zomon, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya miƙo mini shi da hannu biyu.

"Mayar wa mai shi, Auta. Ba zan iya sake riƙe wa Malam ƙafafu ba."

Buhun ya daɗe a ƙusar. Wata rana matar yayana ta rasa abin zuba gawayi, ta sauko da shi. Baba yana zaune yana kallo har ta cika shi da gawayi.